Masu tankaɗe da rairayar binciken lafiya na fama da rashin kuɗi

Kusan kullum sai an turo maka saƙo a WhatsApp cewa "bincike ya nuna" ganye kaza na warkar da cuta kaza. A yi hattara, bincike guda ba ya yanke hukunci a harkar lafiya. Wani a kan mutum talatin kacal aka yi shi, wani kuma mai sayar da maganin ne ya ɗauki nauyinsa. Shi ya sa ake da masanan da aikinsu shi ne tattaro duk binciken da aka taɓa yi kan tambaya ɗaya, su tankaɗe, su rairaye, su zubar da dusa, sannan su haɗa abin da ya rage.

Fitacciya a wannan fanni ita ce ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a Ingila a 1993. Tambarinta ma labari ne. Tun a 1972 wani gwaji a Niyu Zilan ya nuna cewa idan aka yi wa mai shirin haifar bakwaini wata allura mai araha, huhun jaririn yakan yi ƙwari. An yi ta maimaita gwajin nan da can, amma kowanne ya yi ƙanƙanta, likitoci ba su gamsu ba. Sai wajen 1990, da aka haɗa sakamakon wuri guda, gaskiya ta fito fili; zanen wannan sakamakon ne ke jikin tambarin. Jariran da aka rasa a tsakanin nan, Allah kaɗai ya san yawansu.

Gidan sauro mai magani da ake rabawa a asibitocinmu ma ta wannan hanya aka tabbatar yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙungiyar tana da reshe a Kalaba.

To, wa ke biya? Dokar Cochrane ta hana kamfanonin magani ɗaukar nauyin irin wannan nazari, don haka gwamnatoci da gidauniyoyi ne madogara. A watan Maris na 2023 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Birtaniya ta daina biyan kuɗin gudanar da rukunonin Cochrane na ƙasar, wasu suka rufe. Aikin yakan ci shekara ɗaya ko biyu, kuma babu ginin da ɗan siyasa zai zo ya buɗe ana tafi, saboda haka shi ake fara yankewa. Alhali nazarin da ba a sabunta ba tsufa yake yi, likita ya ci gaba da rubuta magani bisa bayanin shekara goma da suka wuce, majiyyaci kuma ya biya kuɗinsa ya saya.