Mai Ciwon Baya da Zaɓen Kayan Noma

Da zarar damina ta kankama, ko aka shiga aikin lambu da rani, kukan da aka fi ji a bakin manoma shi ne na baya da ƙugu. Da yawa sun ɗauka cewa haka noma ya gada, tunda ma kirarinsa na duƙe. Sai mutum ya haɗiyi ƙwaya da asuba, ya saɓi fartanyar da ta jawo masa ciwon, ya koma gona. Alhali sau da yawa gyaran yana ga ƙotar da ke hannunsa.

Matsalar ba ta manoma kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Sai dai na manomi yana da sanadi bayyananne. A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa biyar da ke ɗauke da nauyin gangar jiki, tsakanin kowane biyu kuma akwai wani faifai mai taushi da ke hana su gogar juna. Idan mutum ya tsaya a miƙe, nauyin yakan sauka daidai a kansu. Idan ya sunkuya, kai da ƙirji da hannuwa sukan rinjaya gaba, dole jijiyoyin baya su ɗaure don su riƙe shi, faifan kuma su matsu. Fartanya mai gajeriyar ƙota tana tilasta wa mai ita wannan sunkuyon tun hantsi har azahar, ga sara, ga murɗa ƙugu wajen juya ƙasa.

An taɓa kai wannan magana har gaban alƙali. A jihar Kalifoniya ta Amurka, 'yan ƙodagon gonakin latas da sauran kayan lambu, yawancinsu 'yan asalin Meziko, sun daɗe suna aiki da wata 'yar guntuwar fartanya. Likitoci suka ba da shaida kan yadda take lalata musu baya, kuma a shekarar 1975 aka haramta sa ma'aikata noma da ita a jihar. Gonakin ba su daina ba da amfani ba, ƙota kawai aka tsawaita.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. Manoman gero na ƙasar Maraɗi da Damagaram da Tawa sun daɗe suna noma a tsaye da haiwa, wato ƙarfe mai siffar jinjirin wata a bakin doguwar sanda da ta fi mutum tsawo. Ba sara ake yi da ita ba, turawa ake yi, bakin ya shiga ƙarƙashin ƙasa kaɗan ya yanke saiwar ciyawa, rana ta ƙarasa aikin. Ga mai ciwon baya da ke noma a jigawa, da wuya a sami abin da ya fi ta. Amma tana da iyaka: ba ta shiga laka, ba ta tayar da kunya, ba ta kuma iya ciyawar da ta riga ta yi ƙarfi.

Saboda haka kafin a je kasuwa ko maƙera, a fara duba ƙasar. In laka ce ko fadama, abin da ya dace shi ne fartanya mai ƙaramin baki a kan doguwar ƙota. Ma'auninta mai sauƙi ne: a tsaya a miƙe, a ɗora bakin a ƙasa ɗan gaba da ƙafa, a ga ko hannuwa sun riƙe ƙotar ba tare da an sunkuya ba. Yawanci sai ta kai ƙirji ko kafaɗa. A nan akwai abin da mutane kan manta. Bakin fartanyarmu ta gargajiya a lanƙwashe yake sosai zuwa wajen ƙota, domin an ƙera shi ne don mai duƙawa. In aka tsawaita ƙotar kawai, bakin ba zai ci ƙasa ba. A gaya wa maƙeri ya ɗan buɗe shi, a gwada a gabansa kafin a biya. Ƙotar ta kasance marar nauyi, mai santsi, wadda hannu ke zagayewa.

Kaifi ma yana cikin magani. Dakusasshen baki yana sa a sari wuri ɗaya sau uku, kowane sara kuwa baya ne ke biya. Magagari ko dutsen wasa a aljihu ya fi kwalin ƙwaya amfani.

Mai lambu nasa ya bambanta. Albasa da karas da latas a cunkushe suke cikin fangali, babu inda doguwar fartanya za ta bi. A nan ba a guje wa kusantar ƙasa, sai dai a sauya yadda ake kusantarta. Maimakon a tanƙware baya ƙafafu a miƙe, a zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ko a durƙusa a kan buhun da aka cusa wa tsumma, a yi cira da ɗan ƙaramin ƙarfe mai tsini. A kuma rage faɗin fangalin tun wajen tsara shi, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da miƙa ba. Inda aka shuka a jere da tazara, kamar tumatir da tattasai da masara, fartanya mai taya da ake turawa kamar baro tana saurin gama layi, kuma masu walda suna iya haɗa ta.

Irin ciyawar ma abin lura ne. Harkiya da ƙarangiya, in aka tare su suna ƙanana, shafa ƙasa kawai ya isa. Kiri-kiri da tofa da aya-aya kuwa ƙarfinsu yana ƙarƙashin ƙasa, yanke kansu ba ya kashe su. Su sai an tono su da ƙarfe mai yatsu da ake takawa da ƙafa, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa. Kuma duk kyan kayan aiki, in aka makara ba ya ceto. Wanda ya yi noman firi da wuri, maimai zai zo masa da sauƙi. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a tsakanin shuka shi ma yana rage tsirowar ciyawa, ya kuma riƙe danshi.

Wasu sukan ce to a koma feshi. A tuna cewa tankin goyo mai cin lita 16 nauyin ruwansa kaɗai kilo 16 ne, a kan bayan da ake ƙoƙarin hutarwa. In ya zama dole, a cika shi rabi, a ɗora shi a kan wani tudu kafin a goya. Kowane irin aiki ake yi, a riƙa miƙewa a kai a kai, a sauya hannun da ke gaba, a juya da ƙafa maimakon murɗa ƙugu.

Akwai kuma ciwon da sauya fartanya ba ya magancewa. Idan ciwo yana sauka cikin ƙafa da sanyin jiki ko mutuwar ƙafar, ko fitsari ya fara kuɓucewa ko ya ƙi fita, ko ga zazzaɓi da rama, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba, domin har tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Shan Tramadol don a iya noma yana rufe ciwon ne kawai yayin da ɓarnar ke ƙaruwa, ga kuma jarabar da yake sawa.

Kuɗin sabuwar ƙota da gyaran baki a wurin maƙeri bai kai abin da mutum zai biya 'yan ƙodago ba in ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina. Lokacin yin wannan gyara shi ne yanzu, kafin ciyawa ta taso.