Karenka ya ƙi cin abinci?

Kare yana da aiki cikin gida. Shi ke gadi da dare, shi ke bin garke daji, shi ke raka mahalbi. Amma abincinsa sai abin da ya rage: ƙanzo, sauran tuwo, wankin tukunya. Wani karen yana ci ya kwana lahiya. Wani kuwa sai ya sansana, ya kau da kai. In ma ya ci, sai amai da zawo. Kai kana cewa zaɓe gare shi. Sau da yawa ba zaɓe ba ne, cikinsa ne ba ya ɗaukar abin da kake ba shi.

Duba miyar gidanku. Akwai tonka, akwai mai, akwai albasa da tafarnuwa. Tonka da yawan mai suna tada cikin kare. Albasa kuwa, ko ta Galmi ce mai daɗi, guba ce gare shi, ɗanya ko dafaffa. Tana ɓata jininsa sannu sannu, har dasashinsa ya yi fari. Tafarnuwa ma haka take. Saboda haka ka ɗebar masa tuwonsa tun ba a zuba miya ba.

Tuwon da ya lalace da hatsin da ya yi hunhuna, kada ka ce ai kare ne. A binne su. Ɗanyar madara tana sa babban kare zawo, gara nono mai tsami, shi ma kaɗan. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa yana tsagewa kamar allura, yana iya huda hanji.

To, in amai da zawo sun kama shi, mi za ka yi? In babban kare ne, bar cikinsa ya huta kamar awa 12, daga sahe zuwa marece. Ka riƙa ba shi ruwa mai tsabta, kaɗan kaɗan. Kwikwiyo ba a hana shi abinci haka, don shi ba ya jimre yunwa.

Bayan nan ka dafa shinkafa ta yi laushi sosai, ba mai, ba yaji. Ka tafasa tsokar nama marar kitse, ka yayyanka ƙanana. Ludayi 2 na shinkafa, ludayi 1 na nama. Nama da tsada, mun sani. Dafaffen ƙwai yana iya maye gurbinsa. In babu shinkafa, kunun gero mai kauri ya yi, amma ba tsamiya, ba sukari. Ka raba masa sau 3 ko 4 a yini. In ya samu kwana 2 ko 3 kashinsa ya ɗaure, sai ka fara garwaya abincinsa na kullum, yau kaɗan, gobe ka ƙara, har sati guda. Canjin abinci rana ɗaya shi kansa yana kawo zawo.

Shi kuma mai zaɓe na gaskiya, maganinsa lokaci. Aje kaskonsa sahe da marece. In minti 15 ya wuce bai ci ba, ɗauke. Ka hana yara jefa masa loma tsakanin nan. Kasko kuma a wanke shi kullum.

Karen da ke ci amma yana ramewa, ko kwikwiyo mai ƙaton ciki, a yi zaton tsutsa. Likitan bisashe yana da maganinta, ana ba da shi duk wata 3. Kada ka sayi ƙwayar mutane wajen mai tebur ka ba shi. Maganin ciwon kai da ke warkar da kai yana iya kashe kare.

Ranar layya ka kula ƙwarai. In an feɗe rago aka ga ƙululai masu ruwa jikin hanta ko huhu, kada a jefa wa kare. Ƙwayar tsutsa ce ciki. Tana girma cikin hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, yara masu wasa da ƙasa su kwasa. A ƙone wannan nama, ko a binne shi da zurfi.

In ka ga jini cikin zawo, ko kare ya kwana 2 bai ci ba, tahi da shi wajen likitan bisashe. In kuwa ya ƙi abinci, halinsa ya sake, yana dalalar da miyau, baki a sake, kada ka sa hannu bakinsa wai kana neman ƙashi. Yana yiwuwa haukan kare ne. Rufe shi, ka nisantar da yara, ka kira likita. Wanda ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti ranar nan, kada a jira gobe. Allurar rigakafin hauka ana fara yi wa kare ita yana da wata 3, ana sakewa kowace shekara.