Cutar Mantuwa: Yadda Likitoci Su Ke Hango Ta Tun Ba Ta Bayyana Ba

A cikin shekarar 1901 aka kai wata mace mai shekara 51 asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt, ƙasar Jamus. Mantuwa ta kama ta, har idan aka ce ta rubuta sunanta sai ta fara, ta kasa ƙarasawa. Sunan likitan da ya duba ta Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarad da abu biyu: waɗansu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da waɗansu zaruruwa da suka harɗe a cikin ƙwayoyin. Na farkon yanzu ana kiransa amiloyid, na biyun kuwa tau. Ita cutar sai aka sa mata sunan likitan.

To, kusan shekara ɗari ba mai iya ganin waɗannan abubuwa sai bayan mutum ya riga mu gidan gaskiya. Alhali kuwa amiloyid ya kan fara taruwa shekara goma sha biyar ko ashirin kafin iyali su lura da kome, kamar yadda gara ta kan cinye azara soro yana tsaye.

A 2004 masana na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka bayyana wani sinadari da a ke yi wa mutum allurarsa. Shi kan bi jini ya je ya manne wa amiloyid, sa'an nan na'urar hoto mai suna PET ta nuna inda ya taru, mai shi yana raye. Wata na'urar, MRI, ita kuma tana nuna motsewar sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abu. Akwai kuma ɗiban ruwan ƙashin baya a auna. Amma PET tsada gare ta, allurar baya kuwa mutane suna gudunta.

Abin da ya fi shafarmu shi ne gwajin jini. A watan Mayu na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko, domin 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda alamun cutar suka fara bayyana gare su. Amfanin ganowa da wuri kuwa, maganin lecanemab da hukumar ta tabbatar a 2023 sai a farkon cutar a ke ba da shi. Ba ya warkarwa, rage mata sauri kawai ya ke yi, wani lokaci ma ya kan jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

A nan sai a yi hattara. Akwai tsofaffi da dama masu amiloyid a ka, amma hankalinsu garau har ƙarshen ransu. Don haka, a ganina, kuskure ne mai lafiya ya nemi gwajin nan don son sani kawai.

Sai dai mu namu kuskuren daban ne. Dattijo ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa, mu ce gigin tsufa ne, a kulle shi a ɗaki. In tsohuwa ce, wani ma ya ce mayya ce. Ku malamai da ma'aikata, ku a ke tambaya shawara a gari. Ku ce a kai shi asibiti, domin wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 ta ke, ko daga baƙin ciki mai tsanani, waɗannan kuwa suna da magani.