Honda CG125 da Yamaha YB100: Ina Bambancinsu?

Ƙasar Japon ta yi suna wajen ƙera babur, wanda muke kira moto. Cikin shekarun 1970, kamfanoni biyu na can sun fito da wasu ƙananan babura da suka zaga duniya: Honda CG125 da Yamaha YB100. In ka dube su daga nesa, sai ka ce ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Amma injinsu ba ɗaya ba ne. Babban bambancin yana wajen baƙin mai.

Injin Yamaha YB100 mai bugu biyu ne. Wato fistan ya sauka, ya hau, sai wuta ta tashi. Irin wannan inji yana ƙone baƙin mai tare da esansi. Shi ya sa yake da ɗan tanki dabam na baƙin mai, kuma yana fid da hayaƙi. Ba shi da nauyi, kayan cikinsa ba su da yawa, gyaransa babu wuya. Sai dai yana shan esansi, kuma buji kan yi saurin dauɗa.

Injin Honda CG125 kuwa mai bugu huɗu ne. Fistan zai sauka sau biyu, ya hau sau biyu, kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Baƙin mai yana zaune ƙasan inji, yana zagayawa, ba a ƙone shi. Hayaƙi kaɗan ne, shan esansi da dama-dama. Amma dole a riƙa yi masa juye.

Wannan moto yana da labari. A 1974, Honda ta aika ma'aikatanta ƙasashen Asiya, kamar Tailan da Pakistan, su ga yadda mutane ke aiki da babur. Suka tarar ana labta masa mutane da kaya, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a canza ba. Sai suka ƙera inji mai jure wahala. CG125 ya fito a 1975, a 1976 kuma aka fara yin sa a Brazil. Daga baya kamfanonin Sin suka kwaikwayi injinsa, kuma irinsu da yawa sun shigo kasuwanninmu.

To, wane ya fi? Mai tafiya mai nisa da kaya, wanda ke lissafin kuɗin esansi, CG125 ya fi masa. Mai ɗan yawo cikin gari, YB100 ya ishe shi.

Ko wane ka hau, kada ka yi wasa da baƙin mai. In tankin man YB100 ya ƙafe, fistan sai ya kame, inji ya tsaya. In ka daɗe ba ka yi wa CG125 juye ba, ƙarfen ciki zai cinye juna sannu a hankali. Kuɗin lita guda na baƙin mai bai kai kuɗin sabon inji ba.