Gargaɗi ga Masu Wuni a Gaban Kwamfuta: A Gyara Zama Tun Baya Bai Rankwafa Ba

Ma'aikatan ofis da na banki, masu shagon buga takardu da ɗalibai, a yi hattara! Ciwon wuya da ƙugun da kuke komawa gida da shi kullum, yana iya samo asali daga yadda kuke zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa jama'a a duniya.

Kan baligi ya kai kilo 5. Idan allon kwamfuta ya yi ƙasa, sai mutum ya turo kai gaba, nauyin da wuya ke ɗauka ya ninka. Kafaɗu su zubo, tsokar ƙirji ta ɗaure, ta baya ta yi laushi. Kujera marar majingina da kwamfutar da ake ɗorawa a cinya suna ƙara ta'azzara abin. Mafi muni shi ne a shafe awa uku ko huɗu ba a motsa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara gyara yau. A ɗaga allon har samansa ya yi daidai da ido, ko da littattafai za a jera a ƙarƙashinsa. A matsa har ƙuryar kujera, a naɗe tawul a tokare ƙugu da shi. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki. A daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Duk rabin awa a tashi a yi miƙa, a ɗan taka. A mako kuma a samu aƙalla minti 150 na motsa jiki.

Kada a mayar da maganin kashe ciwo na kyamis abincin kullum. Yawan shan irin su diclofenac na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Idan ciwon ya ƙi sauka, a nemi likitan gashin ƙashi.

Wanda ƙafarsa ke mutuwa ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari da bayan gida ke kufce masa, ya garzaya asibiti nan take, kada ya kwana. Wanda ya ji, ya sanar da abokin aikinsa.