Ƙananan Motocin Tseren Faransa: Gudu Ne Ke Sa Tsada Ko Ƙaranci?

Mai karatu, mu a nan Arewa idan aka ce Peugeot, 504 ce ke faɗo mana a rai, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta kuma lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Amma a kasuwannin gwanjon Turai, ƙannenta ƙanana ne masu tara tsofaffin motoci ke rububi. Abin da nake so mu duba shi ne: me suke saye da kuɗinsu?

Mu fara da Renault 5 Turbo ta 1980. An ɗauke injinta daga gaba aka dasa shi a gurbin kujerun baya, yana ba da ƙarfin doki 160. Da ita Jean Ragnotti ya ci gasar Monte Carlo a 1981. Duka-duka kusan 5,000 aka ƙera.

Sai Peugeot 205 Turbo 16. Dokar rukunin B ta wajabta wa kamfani ya ƙera guda 200 na hawa kan titi kafin a bar shi ya shiga tsere, shi ya sa aka yi su. Ta ci kambin duniya a 1985 da 1986. Da aka soke rukunin bayan mutuwar Henri Toivonen a Kosika a 1986, sai ta koma gasar Dakar, wadda a lokacin ke ratsa hamadar Nijar, ta yi nasara a 1987 da 1988. A yau farashinta ya haura Yuro 100,000.

Ita kuwa 205 GTI ta 1984 ƙarfin dokinta 105 ne, daga baya aka fito da mai lita 1.9 mai 130. Rashin nauyi ne sirrin zafinta. Amma da yake an ƙera ta dubbai barkatai, kuɗinta bai kama ƙafar na yayarta ba.

Darasi mafi girma yana wajen Clio Williams ta 1993. An ce 3,800 kawai za a yi. Da kasuwa ta yi daɗi, Renault ya ƙara har suka wuce 12,000. Masu na farko suka ji haushi, don sun san abin da ya yawaita darajarsa raguwa take yi, ko da injin bai canza ba.

A ganina, gudu shi ne mafi ƙarancin abin da ake biya, domin motocin zamani da yawa za su bar waɗannan a baya. Abin da ake saye uku ne: ƙaranci, tarihin nasara, da zaman mota yadda ta fito daga kamfani, da injinta da takardunta na asali.

Wannan na ƙarshe shi ya shafe mu. Kafin mu miƙa tsohuwar 504 ga bakanike ya sauya mata inji, ko ga 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, ya kamata mu tsaya mu yi lissafi.