Cutar Toksofilasma ta Cikin Ciki da Buɗewar Bakin Yaro

1. Gabatarwa

In yaro ya fara magana, Hausawa su kan ce bakinsa ya buɗe. In kuwa ya yi jinkiri, sai a ce yana da nauyin baki. Duka maganganun nan biyu baki su ke ɗora wa alhakin magana. Amma masu nazarin harshe sun daɗe da gane cewa kunne shi ne a gaba, baki biye ya ke. Abin da yaro bai ji ba, ba shi da hanyar da zai faɗe shi.

Nufin wannan takarda shi ne a duba wata cuta da jariri kan ɗauka tun yana cikin uwarsa, watau cutar toksofilasma, a ga yadda ta ke taɓa jinsa, da kuma abin da wannan ke jawo wa koyon harshensa. Za a ga cewa yawancin ɓarnar da a ke samu a maganar irin waɗannan yara tana zuwa ne daga jinkirin ganewa, kuma jinkiri abu ne da a ke iya kauce masa.

2. Asalin cutar

Toksofilasma wata halitta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, ba a ganinta sai da madubin likita. A shekarar 1908 ne waɗansu masana biyu Faransawa, Nicolle da Manceaux, suka fara ganinta a birnin Tunis, a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da a ke kira gundi. A wannan shekarar kuma wani masani mai suna Splendore ya same ta a jikin zomo a ƙasar Birazil. A 1939 waɗansu likitoci uku a Amurka suka tabbatar tana kama jariri tun kafin a haife shi. Sai a 1970 aka gano cewa a cikin hanjin kyanwa ta ke hayayyafa, ƙwayayenta su fito tare da kashin kyanwar, su zauna cikin ƙasa mai laima watanni da yawa ba su mutu ba.

Daga nan ne tumaki da awaki da sauran dabbobi ke kwasarta wajen kiwo, ta maƙale a cikin namansu. Mutum kuwa ya kan same ta ta cin naman da bai dahu ko bai gasu sosai ba, ko ganyayen lambu da ba a wanke ba, ko gurɓataccen ruwa, ko kuwa ƙasar da ta taɓa hannu aka kai baki. Babban mutum mai lafiya sau da yawa ba ya ma sanin ya kamu. In ta yi yawa ya ɗan yi zazzaɓi da kaluluwa, ya warke.

Hatsarin yana ga macen da ta fara kamuwa da ita tana da juna biyu. A nan ƙwayar na iya ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. In a farkon ciki ne, ba ta cika ratsawa ba, amma in ta ratsa ɓarnarta ta fi muni. In a ƙarshen ciki ne, ta fi saurin ratsawa, amma ɓarnar ta fi sauƙi. Alamu uku da likitoci suka fi sani su ne tabo a can bayan ido, da taruwar ruwa a kai, da waɗansu ɗigo-ɗigo masu tauri a cikin ƙwaƙwalwa. Sai dai mafi yawan jariran da ke ɗauke da ita a kan haife su garau, ba wata alama. Wannan shi ne tushen jinkirin da aka ambata.

3. Inda ta ke taɓa ji

Hanyar da sauti ke bi zango uku ce. Na farko, daga fatar kunne zuwa dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa. Na biyu, kunnen ciki, inda wani ɗan bututu mai naɗin katantanwa ke juya motsin sauti ya zama saƙo. Na uku, jijiyar ji da sassan ƙwaƙwalwa masu karɓar saƙon su tantance shi. Ciwon zango na farko, kamar ruwan kunne, galibi ya kan warke. Ɓarnar zango na biyu kuwa ba ta komawa. Toksofilasma na iya taɓa na biyu da na uku: an samu ƙwayar a kunnen ciki na waɗansu jarirai da suka rasu, kuma ƙwaƙwalwa tana cikin wuraren da ta fi so.

A 2009 waɗansu likitocin kunne a Kanada suka tattara binciken da aka yi a baya suka kwatanta. Suka ga a cikin yaran da ba a yi wa magani ba, ko aka yi musu na ɗan lokaci, kimanin 28 cikin 100 sun sami raunin ji na kunnen ciki. A cikin waɗanda aka fara wa magani da wuri aka kuma cika shekara guda ana ba su, ba a sami ko ɗaya ba. Haka kuma a Shikago ta Amurka, inda aka bi sawun yara 120 da aka yi wa magani tsakanin 1981 da 2004, ba wanda ya sami irin wannan kurumta.

Birazil, inda irin ƙwayar ya fi na Turai zafi, ta ƙara wani darasi. A jihar Minas Gerais, cikin 2006 da 2007, an gwada jinin jarirai 146,307, aka sami 190 da cutar, watau kimanin ɗaya cikin 770. Da aka bi sawun waɗansu daga cikinsu, sai aka tarar masu raunin kunnen ciki kaɗan ne, amma da dama suna da tangarɗa a zango na uku, kuma da dama maganarsu ta yi jinkiri. Irin wannan yaro yana jin ƙara, yana waiwaya in an buga ƙofa, amma rarrabe sautukan magana, balle a cikin hayaniya, ya kan yi masa wuya. Saboda haka don yaro ya firgita da faɗuwar kwano, wannan bai isa shaidar cewa jinsa cikakke ne ba.

4. Matakan koyon harshe

Yaro ya kan fara jin muryar uwarsa tun a watannin ƙarshe na ciki, har ma an nuna a 1980 cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku ya fi karkata ga muryarta bisa ga ta wata mace. Tsakanin wata 6 da wata 10 ya kan shiga gwaranci na sosai, watau jera gaɓoɓi masu baƙi da wasali, kamar ba-ba-ba ko da-da-da. Kusan cikar shekara kalmar farko ta kan fito, kafin shekara biyu kuma ya fara haɗa kalmomi biyu.

Akwai wani aiki kuma da ke gudana a ɓoye. Werker da Tees sun nuna a 1984 cewa jariri ɗan wata 6 yana iya rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya daidaitu da sautukan harshen gidansu, ya bar kula da sauran. Watau a cikin shekarar farko, tun ba a ji kalma ɗaya daga bakinsa ba, yaro ke kafa harsashin tsarin sautin harshensa.

Abin da ke ruɗin iyaye shi ne, jariri kurma ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan guje-gujen murya kamar kowane jariri a watannin farko. Bambanci ba ya fitowa sai lokacin gwaranci. Oller da Eilers sun nuna a 1988 cewa kuramen jarirai ba su kan kai ga jera gaɓoɓi ba sai bayan wata 10, waɗansu ma da nisa. Jaririn da ya wuce wata 10 bai fara wannan ba, ya kamata a auna jinsa.

5. Abin da ke ɓacewa daga magana

Raunin ji ba ya rage sautuka daidai-wa-daida. Wasula suna da ƙarfi da kauri, su kan daɗe ana jinsu. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f sirara ne marasa ƙarfi, kuma raunin kunnen ciki sau da yawa da siraran sautuka ya ke farawa. Bari mu gwada da Hausa. Babban abin da ya raba sara da shara da tsara shi ne baƙin farko. Ga yaron da siraran sautuka suka ɓace masa, ukun sun kusa zama abu guda. Haka sa da sha. Ƙarshen kalma ma, kamar -r ta rigar da -n ta gidan, gajere ne, yana da saurin sulluɓewa, alhali kuwa nahawu ya rataya a kansa.

Amma Hausa tana da abubuwa biyu da ke tafiya a kan wasali, watau tsawo da karin sauti. Gari na mazauna da gari na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama su ke, kuka ta miya kuwa ta biyun ƙasa ta ke sauka. Ya zo mai ba da labari da ya zo mai ba da umurni, tsawo da kari ne suka bambanta su. Yaro mai ragowar ji na iya kama waɗannan, maganarsa ta fito da kari irin na Hausa, har a ɗauka lafiya lau ya ke, sai dai a ce yana da tsamin baki. Ta haka a kan shafe shekaru ba a gane ba.

In kurumtar ta yi tsanani, yaro ya kan koma ga kallon leɓɓa. To, b da m da f ana ganinsu a leɓe, amma k da ƙ da g a can cikin baki a ke yinsu, karin sauti kuwa ba shi da wata alama a fuska ko kaɗan. Sa'an nan a tuna ido shi ne gaɓar da toksofilasma ta fi yi wa lahani. Yaron da ya haɗa raunin ji da raunin gani, hanyoyinsa biyu na karɓar harshe ne suka ƙuntata, don haka awon ido da awon kunne tare ya kamata su tafi.

6. Abin yi

Mataki na farko tsare uwa. Mai ciki ta ci naman da ya dahu ko ya gasu har ciki, ta wanke ganye da 'ya'yan itace, ta wanke hannu bayan aikin ƙasa ko yankan nama, ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa. A Faransa, tun 1992 a ke gwada jinin mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba kowane wata, domin a fara mata magani da zarar ta kamu.

Na biyu, maganin jariri. A kan haɗa masa firimetamin, wanda aka daɗe da sani wajen zazzaɓin cizon sauro, da salfadayazin, da wani na uku mai kare jini, har tsawon shekara guda a hannun likita. Alƙaluman da aka kawo a sama sun nuna amfanin farawa da wuri da kuma cika wa'adin.

Na uku, awon ji. Ana iya auna jariri yana barci: ko dai a sa ɗan abu a kunnensa ya saurari amsar da kunnen ciki ke mayarwa, ko kuwa a manna 'yan wayoyi a kansa a ga yadda jijiya ke kai saƙo. Awo na biyun shi ke duba har zango na uku. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka shimfiɗa ita ce a yi awon farko kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Wani bincike a jihar Kolorado a 1998 ya nuna yaran da aka gano kafin wata 6 sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewa a harshe nesa ba kusa ba. Yaron da aka haifa da toksofilasma, ko ya ci awon farko, a ci gaba da sake auna shi, a kuma riƙa bin ci gaban maganarsa har ya shiga makaranta.

Na huɗu, kada a bar yaro ba harshe. Na'urar ƙara ji da dashen kunnen ciki suna taimakon waɗansu. Maganar hannu kuwa harshe ce cikakkiya mai nahawunta. An ma nuna a 1991 cewa jarirai kurame da ke tashi a cikinta suna yin gwaranci da yatsunsu. Ta kuramen Kano, Constanze Schmaling ta bayyana tsarinta a wani littafi da ya fito a 2000. Yaron da ya sami harshe da wuri, ta kunne ko ta ido, hankalinsa na da abin riƙo.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, masu nazarin harshe suna da rabonsu na aiki. Awon da likita zai yi wa yaro mai jin Hausa yana bukatar kalmomin da aka zaɓa bisa ga baƙaƙen Hausa da tsawon wasali da karin sauti, da kuma sanin jerin da yaran Hausawa ke bi wajen mallakar sautuka irin su ƙ da ɓ da ts. Jerin kalmomin da aka tsara don Ingilishi ba zai auna waɗannan ba. Iyaye da ungozomomi da malaman makaranta kuwa, in an ce yaro yana da nauyin baki, kafin a ce a ƙyale shi zai buɗe don kansa, a fara tambaya ko an taɓa auna kunnensa.